Hoton Karkara da Baƙi da Fari: Tsarawa da Gyarawa a Gonakin Funtuwa da Malumfashi

Hoton baƙi da fari hoto ne da aka raba shi da launi, aka bar shi da matakan haske kaɗai: fari tas a wannan gefe, baƙi ƙirin a wancan, sai toka-toka iri-iri a tsakani. Da shi sana'ar hoto ta fara. Hoto mafi tsufa da ya rage a duniya, wanda Bafaranshe Nicéphore Niépce ya ɗauka wajen 1826 zuwa 1827, hoton rufin gine-gine ne da ya hango ta tagar gidansa, kuma babu launi a cikinsa. Fim mai launi na Kodachrome bai shigo kasuwa ba sai 1935, kuma an ƙara shekaru da dama kafin hoto mai launi ya zama na kowa. A da dole ce ta sa ake ɗaukar baƙi da fari. Yau da kowace waya ke fitar da launi, zaɓi ne, kuma mai zaɓin sai ya san dalilinsa.

A Afirka ta Yamma manyan sunayen wannan fanni, irin su Seydou Keïta da Malick Sidibé a Bamako da J. D. 'Okhai Ojeikere a Najeriya, da hotunan mutane suka yi fice. Haka abin yake a ƙasar Hausa: hoto na Sallah ne, ko na biki, ko na fasfo. Ƙasar kanta, wato gona da dutse da itace da sararin sama, ba kasafai ake tsayawa a ɗauke ta don kanta ba, alhali kudancin Jihar Katsina na da abin ɗauka mai yawa.

Yankin da ya tashi daga Funtuwa ya bi ta Bakori zuwa Malumfashi, ya haɗa da Danja da Ƙafur, shi ne ya fi samun ruwan sama a jihar. Ƙasar masara ce da dawa da auduga da waken suya, ga rake da tumatir a fadamun Danja. Auduga ce ta kawo wa Funtuwa da Malumfashi injinan gurza tun zamanin Turawa, layin dogon Zariya zuwa Ƙaurar Namoda ya ratsa Funtuwa, kuma a 1975 aka kafa a nan ɗaya daga cikin shirye-shiryen bunƙasa noma uku na farko da Bankin Duniya ya tallafa wa a Najeriya, tare da na Gusau da na Gombe. Ga mai kyamara, abin lura shi ne ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce mai ɗan hawa da sauka, sai duwatsu ƙwanƙwararru da ke tasowa tsilli-tsilli, sai itatuwan da manoma suka bari a gona: kuka, ɗorawa, kaɗanya, tsamiya, gawo. Babu dogayen tsaunuka da za su yi wa hoto aiki. Duk abin da zai tsayar da ido, mai hoton ne zai nemo shi.

Babbar matsalar ita ce ido yana rarrabe abubuwa da launi, hoton baƙi da fari kuwa da haske kawai yake rarrabewa. Gonar masara a watan Yuli, koren ganye a kan jar ƙasa, tana ɗaukar ido daga nesa. Amma idan koren da jan suna mayar da haske daidai wa daida, da an cire launi sai su zama toka iri ɗaya, gonar ta koma damamme. Launuka ma ba nauyinsu ɗaya ba. A ƙa'idar da talabijin da manhajoji da yawa suka daɗe suna bi, kore ke ba da kusan kashi 59 cikin ɗari na hasken hoto, ja kashi 30, shuɗi kashi 11 kacal. Don haka aikin gaba ɗaya, tun daga bakin gona har zuwa kan kwamfuta, abu guda yake nema: a raba abin da ake son nunawa daga abin da ke bayansa ta hanyar haske da duhu. Hanya mafi sauƙi ta koyon wannan gani ita ce a sa allon kyamara ko na waya ya riƙa nuna baƙi da fari tun kafin a danna. Tsofaffin masu hoto kuwa runtse ido suke yi kaɗan har ƙananan abubuwa su ɓace, a ga manyan fasali na haske da inuwa.

Haske a wannan yanki yana da halinsa. Funtuwa na kusan digiri 11 da rabi arewa da tsakiyar duniya, don haka rana kusan miƙewa take yi sama idan ta fito, tana hawa kimanin digiri 15 a kowace awa. Awa ɗaya bayan fitowarta, inuwar itace ta kusa ninka tsawonsa huɗu. Bayan awa uku, inuwar ta dawo kusan daidai da tsawonsa. Lallausan hasken safiya da littattafan Turai ke yabo gajere ne a nan. Wanda ya tsaya karin kumallo ya tarar hantsi ya riga ya ɗaga. Wajen ƙarshen Afrilu da kuma ƙarshen Agusta rana na tsayawa a tsakiyar kai da azahar, inuwa ta shige ƙarƙashin mai ita, ƙasa ta baje babu fasali. A Disamba abin ya fi sauƙi, domin ko da tsakar rana tana karkace ta kudu, ba ta wuce kusan digiri 55 ba, kuma duwatsu na samun gefe mai haske da gefe mai duhu kusan duk yini.

Kunya ce ta fi nuna amfanin hasken gefe. A farkon damina, bayan shanun huɗa sun ratsa gona da garma, kunyoyi na kwance a jere, sababbi, ba ciyawa. Idan sun miƙa daga arewa zuwa kudu, ranar safe na bugun su a kaikaice: kowace kunya ta sami gefe fari da gefe baƙi, gonar ta zama zane-zane tun daga ƙafar mai kallo har ƙarshen gani. Idan kuwa daga gabas zuwa yamma suka miƙa, hasken na bin kwarin kunyar ne, inuwar ta ragu ƙwarai. Gona biyu maƙwabtan juna, a safiya ɗaya, ɗaya ta ba da hoto ɗaya ta hana, kuma bambancin bai wuce inda mai huɗa ya fuskantar da shanunsa ba.

Kowane lokaci na shekara da abin da yake bayarwa. Bazara da farkon damina lokacin hadari ne, kuma babu abin da ya kai shi a baƙi da fari. Idan hadari ya haɗu a gabas da la'asar, rana kuma tana yamma ba ta rufe ba, sai sama ta yi duhu, itatuwa da rumbuna su haska a gabanta, wato akasin yadda aka saba gani. Mintuna kaɗan yake yi kafin iska ta taso, kuma tsayawa a fili ko a kan dutse lokacin tsawa ganganci ne. Marka, a watan Agusta, ita ta fi wuya: ko'ina kore, sama fara fat, komai toka. A nan gara a sauke kai ƙasa a nemi ruwan da ya kwanta a fadamar shinkafa ko bakin madatsar Mairuwa, inda ruwa ke maido hasken sama. Kaka na kawo siffofi: dammunan dawa, tarin kara a tsaye, farar auduga a kan busasshen reshe, buhuna a gefen hanya.

Hunturu kuma sha'aninsa daban ne, kuma masu koyo kan raina shi. Ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, tana kashe launi, shi ya sa hoto mai launi a watan Janairu yake fitowa fururu. Baƙi da fari kuwa riba yake ci. Hazo na jera nisa hawa-hawa: kukar da ke kusa baƙa, ta bayanta toka mai duhu, dutsen da ke can nesa toka mai haske, har ya narke cikin sama. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wannan jeri shi ne zurfin hoto, kuma babu manhajar da ke yin sa da kyau kamar yadda hazo ke yi. A lokacin ne kuma kuka ta zubar da ganye, rassanta suka fito fili. Gawo shi kuma a rani yake da ganye, da damina ya kaɗe, don haka itatuwan biyu ba sa ba da siffa ɗaya a wata ɗaya.

Tsara hoto yana farawa da tambayar me ake ɗauka. "Gona" ba amsa ba ce. Amsa ita ce wannan ɗorawar, ko wannan burtalin da ya lanƙwasa ya nufi dutse. Da an san abin, sai a cire duk abin da ba ya taimakonsa, kuma da ƙafa ake cirewa, ta matsawa gaba ko gefe. Layin da ƙasa ta haɗu da sama shi ne hukunci na biyu. Idan sama ce ke da labari, kamar ranar hadari, a sauke layin ƙasa-ƙasa a ba ta wuri. Idan sama wayam take, a ɗaga shi sama a bar mata 'yar tsiri. Ƙa'idar nan ta raba hoto gida uku a tsaye da a kwance, a ɗora muhimmin abu a mahaɗar layukan, tana da amfani ga mai fara koyo, kuma kusan kowace waya na iya nuna layukan a allo. Amma ba doka ba ce. Kuka ɗaya tilo a tsakiyar hoto, da fili dama da hagu, takan fi ƙarfi.

Tsayin da aka riƙe kyamara yana sauya komai a irin wannan ƙasa. Daga tsaye, kan itacen da ke nesa kaɗan yakan haɗe da duhun itatuwan bayansa. Idan aka durƙusa, sai ya fita sama ya tsaya shi kaɗai a kan farin sarari. Idan aka hau gefen dutse, gonaki su buɗe kamar taswira, iyakokinsu da hanyoyin ƙafa su bayyana. Akwai kuma matsalar gilashin waya: mai faɗin gani ne, yana ƙanƙanta abin da ke nesa, shi ya sa dutsen da ya cika ido yake fitowa ɗan mitsitsi. Magani biyu ne. Ko dai a sa wani abu mai ƙarfi a gaba, kamar garma ko tushen kara ko tsagar dutse, ya ja ido zuwa ciki, ko kuma a yi amfani da gilashi mai jawo nesa, wanda ke matso da jerin itatuwa da duwatsu kusa da juna. Jawowa da yatsa biyu a allon wayar da ba ta da irin wannan gilashi yanke hoton kawai yake yi, ingancinsa ya faɗi.

Ido na zuwa wurin da ya fi haske kafin ko'ina, don haka sai an duba gefuna huɗu kafin a danna. Rufin kwano mai walƙiya a kusurwa, ko farar leda da ta maƙale a kara, ya isa ya sace hoton gaba ɗaya. Ledar dai tsince ta ya fi sauƙi da goge ta daga baya, kuma mai gona ba zai yi fushi ba. Mutum ko dabba a cikin hoton ƙasa ba laifi ba ne. Makiyayi ɗan ƙarami a ƙarƙashin kuka shi ke gaya wa mai kallo girman kukar.

Wajen auna haske, na'urar kyamara tana ɗaukar duk abin da ke gabanta a matsayin toka matsakaiciya. Idan aka cika hoto da tarin auduga, sai ta rage haske har audugar ta fito da dauɗa. Dole a ƙara mata mataki ɗaya ko biyu da hannu. Idan baƙin dutse ne ya cika hoton, sai ta ƙara haske fiye da kima, a nan kuma ragewa ake yi. Jadawalin haske da ake kira histogiram shi ne alƙali: duhu a hagu, haske a dama, kuma idan zanen ya manne da bangon dama, farin ya ƙone, babu gyaran da zai dawo da zaren auduga ko fasalin gajimare. A kyamarar zamani an fi iya ceto inuwa a kan ceto farin da ya ƙone, don haka farin ake karewa. Sauran saiti ba su da yawa: ISO, wato ma'aunin jin hasken kyamara, a 100 ko mafi ƙanƙanta da ake da shi, ƙofar gilashi a f/8 zuwa f/11 don gaba da baya su fito tsaf, da abin ɗora kyamara mai ƙafa uku idan haske ya yi ƙasa. A hunturu ba a sauya gilashi a cikin iska, domin ƙura na shiga ta zauna, ta riƙa fitowa ɗigo-ɗigo a sararin sama na kowane hoto.

Gona tana da mai ita. Sallama da neman izini kafin a shiga, da kauce wa taka shuka, da tambayar mutum kafin a sa shi a hoto, musamman mata, duk cikin aikin suke. Baƙo a ƙauye ya fara da mai unguwa. Matsalar tsaro da ta addabi sassan Faskari da Sabuwa da Dandume da Ƙanƙara a shekarun nan ta sa fita daji da asuba ba abin wasa ba ne. A tambayi mutanen gari, kuma a nisanci ɗaukar shingen jami'an tsaro.

Gyara ba sabon abu ba ne da kwamfuta ta kawo. Ansel Adams, Ba'amurken da ya rayu daga 1902 zuwa 1984 kuma ya shahara da hotunan tsaunukan Yosemite, ya tsara tare da Fred Archer wata hanya ta raba haske mataki goma sha ɗaya, daga baƙi ƙirin zuwa fari tas, don mai hoto ya ƙudurta tun a fili matakin da kowane abu zai faɗa. Sanannen hotonsa na fitowar wata a kan ƙauyen Hernandez, wanda ya ɗauka a 1941, ya yi ta wanke shi shekara da shekaru, kuma a wankin baya-baya sama ta fi duhu nesa ba kusa ba a kan na farko. A ɗakin duhu yake yin haka, yana tare haske da hannu ko da ɗan kwali a wani sashe, yana ƙara shi a wani. Abin da Lightroom da Snapseed da Darktable ke yi yau ke nan, da yatsa ko linzamin kwamfuta.

Matakin farko tun a kyamara yake: a ɗauka da launi, a tsarin RAW idan akwai, ko da allon na nuna baƙi da fari. Hoton JPEG matakan haske 256 yake da su a kowane launi, RAW kuwa 4,096 ko 16,384, gwargwadon kyamara. JPEG tuwo ne da aka riga aka tuƙa, RAW tsaba ce da mai ita zai sarrafa yadda ya so. Wayoyi da dama yanzu suna ba da RAW a sashen ƙwararru na kyamararsu. A ajiye na asali, a yi aiki a kan kwafi. Sai a daidaita layin sama idan ya karkace, a yanke gefen da bai da aiki.

Daga nan sai muhimmin mataki, wato juyawa zuwa baƙi da fari ta hanyar sarrafa kowane launi daban. Dalilin ɗauka da launi ke nan. Masu fim suna ɗaura gilashi mai launi a bakin kyamara: rawaya ya ɗan duhunta shuɗin sama, ja ya mayar da ita kusan baƙa har farin gajimare ya fito, kore ya haska ganye. Ƙa'idar ita ce gilashi na haska launinsa, ya duhunta kishiyarsa. A manhaja kowane launi da madanninsa. A gonar masarar nan ta Yuli da ta dame, ana ɗaga rawaya da kore, a sauke ja da ruwan lemo, sai ganye ya haska a kan ƙasa mai duhu. Ko a yi akasin haka, ƙasa ta haska, shuka ta zama baƙaƙen layuka. Abu biyu ke ba mai koyo mamaki a nan. Ganye ya fi jin madannin rawaya a kan na kore, domin korensa cike yake da rawaya. Jar ƙasa kuma da fatar mutum madanni ɗaya suke bi, don haka wanda ya duhunta ƙasa sosai zai tarar fuskar manomin ta ɓace tare da ita. Shuɗi ma ba a ja shi har ƙarshe, musamman a JPEG, don sama na tsagewa ta yi ratsi-ratsi da tsakuwa-tsakuwa.

Bayan haka a kafa iyaka biyu: wuri kaɗan da zai zama baƙi na gaske, da wuri kaɗan da zai kusa fari tas. Hoton da ba shi da su yakan yi laushi kamar an wanke shi da yawa. Sai a ƙara tazara tsakanin haske da duhu a tsakiya, a hankali. Hoton hazo ne ke da togiya. Kyansa a taushin tokarsa yake, kuma madannin kawar da hazo da na ƙara kaifi suna rushe jerin nisan da aka fita nema tun farko. Ya isa a bar itacen gaba ya yi duhu, sauran su tafi a yadda suke.

Gyaran sashe-sashe shi ke bambanta gwani da mai danna tace ɗaya. Ana ɗan haska hanyar da ake so ido ya bi, a ɗan duhunta kusurwoyi da saman hoto don kada ido ya fice, a haska gefen dutsen da rana ta taɓa. Kaɗan-kaɗan ake yi, a maimaita, da buroshi mai laushin baki. Alamar an wuce gona da iri ita ce farin zobe da ke bayyana kewaye da rassan kuka ko bakin dutse, inda duhun sama ya kasa isa. Duk wanda ya san hoto da ganinsa zai gane. Dabara mai kyau ita ce a rufe aikin a dawo washegari, domin ido na sabawa da ƙari yana neman wani.

Goge ɗigon ƙura gyara ne. Cire turken lantarki ko ɗauko sama daga wani hoto a liƙa kuwa wani abu ne daban. A hoton ado mai shi ke da iko, amma a hoton jarida ko na adana tarihi ba a yarda da shi ba, kuma gasar World Press Photo tana fitar da duk hoton da aka ƙara wa ko aka cire wa wani abu. Eriyar waya da ke bayan rumbu ita ma shaida ce ta zamanin da aka ɗauki hoton.

Ƙara kaifi shi ne na ƙarshe, bayan an san girman da hoton zai fita, kuma a ƙasa da itatuwa ake sa shi, ba a sama ba. Allon waya yana haska hoto fiye da takarda, don haka wanda za a buga sai an ɗan ƙara masa haske, a fara da ƙaramin gwaji. Injinan buga hoto mai launi sukan bar wa baƙi da fari ɗan kore ko ja-ja, wanda ake ganewa idan aka fita da takardar hasken rana. Don bugu mai kyau ana son ɗigo 300 a kowane inci, wato hoto mai inci 8 da 12 na bukatar ɗigo 2,400 da 3,600, abin da yawancin wayoyi ke iya bayarwa idan ba a yanke hoton da yawa ba. WhatsApp na matse hoto idan aka tura shi kai tsaye, don haka a aika wa mai bugu a matsayin fayil. Sunan wuri da kwanan wata a rubuta su a sunan fayil ɗin da kuma bayan takarda da fensir, a ajiye kwafin asali a wuri biyu daban.